Ramukan kuza da tsuntsayen da suka gaje su

Duk wanda ya tashi a Jos an taɓa ja masa kunne a kan kududdufan kuza. Kada ka je, kada ka shiga wanka, ruwan nan yana cin mutane. Kuma ba tsoratarwa ba ce kawai, yana ci ɗin. Ramuka ne da injuna suka haƙa, gaɓarsu a tsaye take, taku biyu ƙafarka ta daina taɓa ƙasa. Tun wajen 1904 Turawa suka fara haƙar kuza a ƙasar Filato, aikin ya yi ta bunƙasa, har a yaƙin duniya na biyu, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya a 1942, aka riƙa kwaso leburorin tilas daga lardunan Arewa ana kawo su nan. Kakana na wajen uwa a wannan ayarin ya zo, sanyi bai kashe shi ba, ya yi zamansa. Da kasuwar kuza ta faɗi warwas a 1985, kamfanonin da suka rage suka tattara nasu-ya-nasu, aka bar mana ramuka da tulin jar ƙasa a gefensu. Ruwan sama ya cika su. Daga Rayfield zuwa Bukuru har Barkin Ladi, in ka hau tudu ka duba za ka gan su birjik suna ƙyalli a cikin ciyawa.

Ni kuwa yanzu bakin waɗannan ramuka ne wurin hutuna. Ran Asabar da an sallame asuba sai in zura rigar sanyi biyu, in cika filas da shayi, in rataya madubin hangen nesa, in kama hanyar Bukuru. Wanda bai san Jos a watan Disamba da Janairu ba zai ce riga biyu fankama ce. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin bakin ruwa da sassafe daban yake, har ƙashi yake shiga. Amma sammakon dole ne. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara tsuntsaye ke kiwo da kuka. Da rana ta ɗaga, an tayar da injunan ban ruwa, masu wanki sun iso, to kallo ya ƙare.

Ba kowane rami ne ke da tsuntsu ba, kuma wannan ne ya fi ɗaukar mini hankali a harkar. Wanda ya fi kyau a hoto, mai zurfi, mai ruwa kore shar, galibi wayam yake. Za ka wuni ba ka ga komai ba sai ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai nitso, da ke ɓacewa a nan ya ɓullo a can, da mai kamun kifin nan baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike kafin ya faɗo. Dalili kuwa, yawancin tsuntsayen ruwa ba a tsakiya suke ci ba, a gefe suke ci, inda ruwa bai wuce idon sawu zuwa gwiwa ba, inda hasken rana ke kaiwa ƙasa ciyayi su tsiro, ƙwari da dodon koɗi da talibambam su samu mazauni. Ramin da ya tsufa, zaizaya ta cike masa gefe guda, laka ta fito, baɗo ya rufe, wanda mai hoton biki ba zai ko kalle shi ba, shi ne na zuwa.

Akwai wani irin wannan a bayan Bukuru da na maƙale wa. Ba zan faɗi takamaiman wurin ba, don masu bindiga ma suna karatu a waya.

Wanda na fi zura wa ido a can shi ne taka-a-baɗo. Jikinsa ja mai ruwan ƙasa, wuya fari, goshi shuɗi, ga yatsu zara-zara da suka fi ƙarfin jikinsa, da su yake raba nauyinsa a kan ganye. In ya taka, ganyen ya fara nutsewa, kafin ruwa ya rufe shi ya riga ya sa ƙafa a na gaba. Yana tafe yana ɗaga gefen ganye da baki yana tsince abin da ke maƙale a ƙarƙashi. A gidansu namiji ne ke kwanci da reno. Macen ta fi shi girma, in ta yi ƙwai sai ta bar masa ta nufi wurin wani. Wata rana a ƙarshen damina ina kallon wani, sai shirwa ta gifta. Ya yi wata 'yar ƙara ya tsuguna, 'ya'yansa ƙanana suka rugo suka shige masa ƙarƙashin fiffike, ya matse su ya miƙe ya yi tafiyarsa a kan baɗo. Abin da kake gani kawai tsuntsu ɗaya ne da ƙafafu sun yi masa yawa, nasa biyu na tafiya, ga wasu sirara suna reto ta gefe da gefe. Da na ba uwargida labari, cewa ta yi a wanke hotonsa a manna a ƙofar masallaci maza su gani.

Can ƙarshen laka kuma garken kirinjijiya ne, fuskokinsu farare, sun jeru suna gyangyaɗi, don da dare suka fi kiwo. In wani abu ya firgita su sai su tashi gaba ɗaya da fiton nan nasu mai gaɓa uku, su zaga ruwan su dawo. Mai firgita su kuwa galibi zakaran ƙeƙuwa ne, wanda duk yadda na kai ga saɗaɗawa shi ke fara hango ni ya kama ihu. Zalɓe yana tsaye cikin ruwa ba ya ko motsi. Belbela, ci da motsin wani, sai shanu sun sauko shan ruwa take sauka, tana bin sawunsu tana cafke farar da suka tayar.

Waɗannan 'yan gida ne. Daga Oktoba baƙi ke sauka. Akwai ƙananan tsuntsaye masu dogon baki da ke bin gaɓa suna kaɗa gindi sama da ƙasa ba hutawa, a Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa. Akwai wani mai rawayan ciki da ke yawo tsakanin ƙafafun shanu. Akwai kuma wani ɗan mitsitsi mai farar gira da ke son tsayawa a ƙolin karan masara bayan girbi, nauyinsa bai kai giram 20 ba, amma Bahar Rum da hamadar Sahara ya ƙetaro kafin ya zo ya hau wannan karan. Masu bincike a cibiyar nazarin tsuntsaye da ke ƙauyen Laminga, kusa da Jos, sun sa wa ire-irensa zobe a ƙafa da 'yar na'urar bin sawu a baya, suka gano cewa waɗanda ke cin rani a gonakin Jos a gabashin Turai suke sheƙa, kuma wanda ya rayu, baɗi gonar da ya bari ita yake dawowa. Tun da na ji wannan nake yi wa wanda ke gonar masarar bakin ramina kallon tsohon maƙwabci. Wajen Afrilu su kama hanyar arewa, shamuwa kuma ta iso daga kudancin Afirka, manoma su fara gyara garma.

Ɗan yayata da ke karatun aikin gona a Fargo, jihar Dakota ta Arewa a Amurka, shi ya sa na fara yi wa ramukan nan wani kallo. Ya san halina. A ƙarshen wani watan Maris ya turo mini bidiyo da ɗan rubutu a ƙasa: "Kawu, ga irin kayanka." Abokai ne suka ja shi zuwa Sand Lake, wani gandun tsuntsaye da ke kan kogin James a Dakota ta Kudu, wanda gwamnatinsu ta keɓe tun 1935. Dinya ce farare dubbai a kan hanyarsu ta komawa arewa, sun rufe ruwa sun rufe sama, yana magana ba a jin abin da yake faɗa saboda kukansu. Na sha kallo, amma abin da ya tsaya mini a rai ƙasar ce. Fili fetal, ciyawa iya ganinka, bishiya sai jefi-jefi, ga tafkuna nan da can. In ka kwashe duwatsunmu, sak hanyar Barkin Ladi.

Sai na bi diddigi. Su nasu ramukan ƙanƙara ce ta haƙa. Wajen shekara 10,000 da suka wuce, da tarin ƙanƙarar da ya lulluɓe arewacin nahiyar ya narke ya ja baya, ya bar miliyoyin ramuka marasa zurfi, tun daga Alberta da Saskatchewan da Manitoba a Kanada har Montana da Dakota biyu da Minnesota da Iowa. Narkakkiyar ƙanƙara da ruwan sama ke cika su, da yawansu ma kafin tsakiyar shekara sun ƙafe. Rashin zurfin nan shi ne arzikinsu: ruwa na saurin ɗumi, ƙwari su cika shi daidai lokacin da agwagwa ke neman abincin yin ƙwai. Shi ya sa wajen rabin agwagin dajin nahiyar gaba ɗaya a wannan yankin ake ƙyanƙyashe su.

Kada kuma a ɗauka mutanen can waliyyai ne. Wajen rabin tafkunan nan manoma sun zuƙe su sun mai da su gonakin alkama da masara, a Iowa kuwa sama da kashi 90 cikin ɗari sun tafi. Sai da fari ya zo a shekarun 1930, ƙasa ta koma ƙura, agwagi suka yi ƙaranci har maharba suka rasa abin harbi, sannan aka farga. A 1934 aka kafa doka: duk mai harbin agwagwa da ya kai shekara 16 dole ya sayi wani kan sarki na musamman kowace shekara. Na farkon dala ɗaya ne, wani mai zanen barkwanci a jarida, Ding Darling, ya zana shi. Yanzu dala 25 ne, kuma kashi 98 cikin ɗari na kuɗin a sayen fadamu da hayarsu yake tafiya. Tsarin gandayen kansa ya girmi dokar, a 1903 Shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe na farko, wani ɗan tsibiri a Florida, yau sun haura 560. Amma fadamu da yawa na yankin ciyawar nan da kuɗin maharba aka saye su.

Wannan ne ya burge ni, fiye da hasumiyar kallo da titin zagayawa da mota da yaron ya yi ta nuna mini. A can mai bindiga da mai madubi wuri ɗaya suke zuwa, kowa da lokacinsa. Akwai watannin harbi, akwai adadin da ba za ka wuce ba a rana, lokacin sheƙa kuwa ba mai ɗaga bindiga. Mu nan da 'yan boko sun fara zancen kare daji, maharbi suke fara mayarwa abokin gaba, alhali ya fi mu sanin ramin nesa ba kusa ba. Shi ya san daren da kirinjijiya ke sauka da kwanar da take kwana. Ba cewa nake a kawo mana kan sarki ba, mun san inda kuɗin zai kwana. Lokacin nake so mu ara, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: farautar gargajiya da rani ake yin ta, bayan an kawar da amfanin gona, kuma akwai sarkin baka da ake jin maganarsa. Abin da ya lalace shi ne yanzu yaro na iya aron bindigar toka a tsakiyar Agusta ya harbe uwa a kan ƙwai, ba mai ce masa kanzil.

Abu na biyu da na tsinta shi ne ciyawa. Yawancin agwagin can ba a cikin ruwa suke sheƙa ba, a cikin ciyawar tudu suke yi, wani lokaci da 'yar tazara daga ruwan, in sun ƙyanƙyashe uwa ta jawo 'ya'yan a ƙafa zuwa tafki. Don haka in an sayi tafki ba a sayi ciyawar gefensa ba, an yi aikin banza. Kuma ba kulle ciyawar suke yi su tafi ba. Da gangan suke sa mata wuta yanki-yanki, da gangan suke barin makiyaya su shigo da shanu na ɗan lokaci su fita, domin tun asali wutar daji da garken ɓaunar ƙasar ne suka hana filin zama kurmi. Ke nan shanu da wuta ba su ne laifin ba, yaushe ne kuma nawa. Wannan magana ce da ya kamata mu 'yan Filato mu ji da kyau, mu da komai ya lalace sai a nemi ƙabilar da za a ɗora wa.

Kirinjijiyarmu ma a ciyawa take ƙwai, da damina. Amma je ka duba bakin ramukanmu. Kunyar dankalin Turawa da kabeji da karas har cikin ruwa, ba a bar ko taku ɗaya ba. An gama feshi a wanke tankin a ramin. Ban ga laifin mai lambu ba a kan nomansa. Noman ranin nan shi ke riƙe da gidaje, shi ke cika motocin da ke tafiya Abuja da Kano da Legas, kuma shi ne alheri mafi girma da ramukan suka yi wa mutane tun da aka haƙa su. Abin da tsuntsu ke nema kaɗan ne: gefen nan mai laka da ko an shuka dankali ruɓewa yake, a bar masa, da 'yar ciyawar bayansa.

Cewa mutanen gari ba za su yarda ba, wannan ban karɓa ba, don muna da Amurum. Daji ne na kusan hekta 300 a gefen ƙauyen Laminga, kilomita 15 daga Jos, duwatsu da kurmin bakin rafi da fili. Da yardar mutanen ƙauyen aka keɓe shi, a 2001 aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis a ciki tare da Jami'ar Jos, kuma 'ya'yan ƙauyen na cikin masu aikin, wasunsu da kunne kawai za su lissafa maka abin da ke kuka a kurmi. An ga tsuntsaye sama da iri 300 a ɗan wurin nan, a ƙasar da gaba ɗayanta ke da iri 900 da wani abu. A can ne za ka ga wata 'yar'uwar baiwar Allah ta tsakar gida, mai jan baya, mazauniyar duwatsu, wadda sai a 1998 wani masani Ba'amurke, Robert Payne, ya bayyana wa duniya cewa iri ce ta daban. Yadda aka gano ta ma abin dariya ne. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da ba ya sheƙa, a gidan wasu yake zuba ƙwai, ɗansa ya tashi ya koyi kukan waɗanda suka rene shi. Aka ji yana wani kuka da ba a san mai shi ba, aka bi sawu, sai ga ta. Hankaka aka yi wa kirari da mai da ɗan wani naka, amma ga masu yi nan a Laminga ba a san su ba.

Daga cibiyar nan kuma aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 kowace kusurwa, kowa na iya shiga ya rubuta abin da ya gani a manhajar BirdLasser ya tura. Ba sai kana da digiri ba. Abin da na gani a ramina can yake tafiya.

Ga mai son gwadawa, abin da ya fi madubi muhimmanci shi ne gaisuwa. Garin nan ya ga abubuwa, kuma baƙo da ya tsaya a kan tudu da sassafe yana hango ƙauye da wani abu a ido, dole a tambaye shi. Fara zuwa wurin mai unguwa ko 'yan sintiri ka faɗi abin da ya kawo ka. Duk wanda ya tsaya yana kallonka, miƙa masa madubin ya duba da kansa. Ban taɓa ganin wanda ya ga idon zalɓe dab da hancinsa bai yi dariya ba. Yaran da ke yawo da danƙo ma haka nake musu, ba na wa'azi, kuma su ne yanzu ke rugowa su gaya mini inda suka ga sabon abu. Sa tufafi marasa haske, ka sami wuri ka zauna rana na bayanka. Kada ka matsa bakin gaɓa mai tsayi, ƙasar tana zaftarewa, wanka kuwa ko da wasa. Mu mutanen Jos fitar shan iska sai da Sallah ko Kirsimeti, a cunkusu a gidan namun daji a sha rana a dawo da ciwon kai. Nan kuwa ko sisi ba a biya, kuma 'yata ta tsakiya da na fara ɗauka don ta riƙe mini filas, yanzu ita ke riga ni hango abu.

Mai lambun da ke gefen gabas na ramina dattijo ne, a kamfanin kuza ya yi ƙuruciyarsa. Ran nan muna shan shayi na nuna masa hoton gauraka a littafi. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, wannan ai da a fadamar can suke kwana. Da asuba kukansu ke tashe mu aiki."

"Yaushe rabonka da ita, Baba?"

Ya ce tun kafin a haifi babban ɗansa, kuma ɗan nan yanzu yana da jikoki. Gauraka dai ta kusa ƙarewa a Nijeriya baki ɗaya, an kame ta ana kai wa masu kuɗi su ajiye a tsakar gida, fadamun da take sheƙa kuma an nome su. Ban ce masa za ta dawo ba.

Amma mun yi ciniki. Zai bar gefen lakar nan da ciyawar bayansa, ba noma ba wuta, kuma jikansa zai riƙa ɗiban ruwa a bokiti ya wanke tankin feshi can kan tudu. Ni kuma zan kawo masa tiyo, don na injinsa ya tsattsage, duk ƙyalle da roba ne ke riƙe da shi. Na kai masa makon jiya, ya auna ya ce ya gaza da kamu huɗu, in ciko. Mai lambun yamma shi ne bai amsa ba tukuna. Ya ce kabejinsa na kan ruwa, in dawo bayan ya yanke mu yi magana, kuma in zo da goro.